KWANON DA BA A CIN TUWO A CIKINSA

'Yan uwana mata, uwayen gida da amare da masu shirin shiga daga ciki, yau a kan kwanukanmu nake so mu yi magana. Ba wai na kicin ba, waɗanda kullum suna tsakanin murhu da wajen wanke-wanke har gindinsu ya yi baƙi. Waɗancan nake nufi, na cikin kabet da na saman sif da na ƙarƙashin gado, waɗanda wasunsu tun ranar da aka kawo mace gidan miji ba a taɓa zuba ko ruwan sha a cikinsu ba, ga shi kuwa har ta aurar da 'yar fari.

Idan aka ce mana wai a ƙasashen Turawa akwai masu tara kan sarki, ko murafen kwalaben lemo, ko kwalin ashana, sai mu kwashe da dariya mu ce rashin aikin yi ne. A Ingila aka fara buga kan sarki a 1840, ba a jima ba kuwa mutane suka shiga tara shi suna jerawa a littafi, har yau ana yi. To amma mu masu dariyar fa? Ki shiga ɗakin wata dattijuwa a cikin birnin Kano, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko ki gangara Maiduguri inda matan Barebari suka fi mu ƙwarewa a wannan fanni, ki ga bango guda ya ɓace ɓat a bayan kwanuka, tun daga ƙasa har kusa da rufi. Ita ma ai tarawar ce. Bambancin kawai shi ne su suna kiranta sha'awa, mu kuwa muka raɗa mata suna jere, muka kuma mai da ita dole.

Kada wata ta ɗauka ni maƙiyiyar jere ce, wallahi ko kusa. Duk wadda ta taɓa zama a cikin 'yan jere ranar da za a kai amarya ta san aikin yana da daɗinsa. Mata sun tuɓe gyale sun ci ɗamara, ana fito da kaya daga kwali ana gogewa, wata tana kan kujera tana karɓa, wata daga bakin ƙofa tana hangen ko layin ya miƙe. Babba a ƙasa, mai bi masa a sama, a haka har a kai ga ɗan mitsitsin da ko kunun jariri ba zai ɗauka ba. Mai jan fure ba ya zama kusa da mai ruwan ɗorawa sai an raba su da fari. A kowane dangi akwai mace ɗaya da aka san hannunta, in ba ta zo ba sai a jira ta, domin kuwa ba kowa ke da wannan idon ba. Wannan fasaha ce ta gaske, ta mata zalla, ba a makaranta aka koya mana ba, kuma ban taɓa jin an yaba mana a kanta ba.

Amma daɗin da ya fi wannan yana wajen mai kayan. Ina da wata goggo, Allah Ya jiƙanta, wadda in kin shiga ɗakinta kika kuskura kika taɓa kwalla ɗaya, to kin jawo wa kanki zama har la'asar. Ba ta kiran kwano da sunansa. Na taɓa nuna wata fanteka mai shuɗin baki na ce, "Goggo, wannan tana da kyau." Sai ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai akuyata ce, wadda na sayar shekarar da aka haifi babanku ƙarami. Waccan ta sama kuwa ƙuli-ƙulin damina biyu ne." Wata tasa ta gado ce daga mahaifiyarta. Wata langa kishiyarta ce ta ba ta ranar da suka shirya bayan shekara guda ba sa magana. Goggo ba ta yi boko ba, ba ta taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, amma tarihin rayuwarta kaf yana jere a bango, kuma ita kaɗai ta iya karanta shi. In ta sauke su ranar Alhamis tana wankewa, za ki ji tana 'yan maganganu ita kaɗai, ashe da mutanen da suka riga mu gidan gaskiya take hira. Ni a ganina nan ne asalin daɗin tara kaya yake, ko kan sarki ne ko kwano: a san kowanne, a san ranar da ya shigo da wahalar da aka sha kafin ya shigo.

Kayan da ake jerawa kuwa sun sha sauyawa. Kakannin kakanninmu ƙore suka jera, masu zane, da akusa da faya-fayi, irin jeren da har yanzu za ki gani a rugar Fulani. Mai hali kuma ta haɗa da tasoshin tagulla, musamman na Bida, inda maƙeran Nufawa suke buga musu zane da hannu. Idan kika je Gidan Makama a Kano za ki ga irin ɗakin amaryar wancan zamani. Da Turawa suka zo sai kantuna suka fara shigo da kwano mai fenti, wato su langa da kwalla da fanteka da kumbo, daga Turai, musamman ƙasar da a lokacin ake kira Chekoslobakiya, daga baya kuma daga Hong Kong. Kasuwarsa ta buɗe har ta kai a 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Ikeja, wasu 'yan kasuwar Sin ma suka taso daga Hong Kong suka kafa masana'antunsa a ƙasar nan. Shi wannan abin da muke kira fenti, ba fenti ba ne irin na bango. Garin gilashi ne ake shafa wa ƙarfe a gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 800 har ya narke ya kama jikinsa. Shi ya sa launinsa ba ya dushewa ko ya shekara hamsin, shi ya sa kuma in ya faɗi yake ɓantalewa kamar gilashi, wurin ya yi baƙin ido, tsatsa ta samu ƙofar shiga. Bayan an sha kuɗin Udoji a 1975 sai kabet mai gilashi ya shigo ɗakuna, aka koma samira da farantan tangaran. Daga nan sai kuloli, sai dibaida da shogilas, har muka iso yau da jeren ya bar bangon ɗaki ya koma kicin, ga bilenda ga tukwanen lantarki ga na'urorin da ita kanta amaryar ba ta san aikin rabinsu ba.

Me ya sa iyayenmu suka zuba guminsu a kwano? Kwalliya tana ciki, amma akwai lissafi. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa banki, ba ta da gona da sunanta a mafi yawan lokaci, kuɗin hannu kuwa kin san halinsa, yau maigida ya ce a ranta masa, gobe ƙani ya zo da kuka. Amma kwano, wane namiji ne zai shigo ya ce a ba shi aron samira? Kayan ɗaki na mace ne, kowa ya yarda da haka. In aure ya mutu da su take fita. In ciwo ya kama yaro da tsakar dare, gari na wayewa sai a aika a kira dillaliya, ta naɗe set ɗaya a zane ta shiga gida-gida, kafin azahar kuɗin magani ya zo, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. In 'ya ta tasa, a sauke rabin bangon a kai mata. Sannan ga maganar darajar kuɗi. Kafin 1986 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin nan na tsuke bakin aljihu a wannan shekara sai naira ta fara gangara, har a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Wadda ta ɓoye takardun kuɗi a asusu a wancan lokaci, yau ko gishiri ba za su saya mata ba. Wadda ta mai da nata tasa da kwalla kuwa tana da abin da za ta riƙe. Tsofaffin nan da muke gani kamar ba su waye ba, sun fi mu sanin inda kuɗi ke kwana lafiya.

To ina ƙorafina yake? Yana kan cewa mun riƙe siffar abin, mun saki ransa. Tarawa daban, jibgewa daban. Jeren goggo shekara arba'in aka yi ana gina shi, ɗaya bayan ɗaya. Jeren yau kuwa rana ɗaya ake shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Rimi da takarda a hannu, a cika motar a-kori-kura, a dawo. Ki tambayi amarya set nawa ne a shogilas ɗinta, sai ta ce bari ta tambayi Anti. Ba ita ta zaɓa ba, ba ta san kuɗinsu ba, launin ma ƙawar mamanta ce ta ce shi ake yayi. Wane labari za ta ba jikarta a kan kular da aka sayo guda goma sha biyu a kwali ɗaya? Ɗakunan amare goma za ki shiga a unguwa ɗaya a wata ɗaya, duk kamar hoton juna. A da ana gane mace da jerenta. Yanzu kantin da aka je kawai ake ganewa.

Bankin ma ya karye. Tasa ko ta tsufa tagulla ce, tana da nauyinta. Amma kular roba fa? Ranar da kika fitar da ita daga kanti ta fara faɗuwa, in ta shekara biyu aka sake yayi, dillaliya ko kallonta ba za ta yi ba. Tangaran in faranti ɗaya ya fashe set ɗin ya zama gurgu. Kayan lantarki in sun daɗe a ajiye ba a kunna ba, ko kyankyasai su yi gida a ciki, ko ranar da aka tashi kunnawa wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone su. Saboda haka mai cewa tana tara wa kanta jari da irin waɗannan kaya, ta sake lissafi. Da a ce rabin kuɗin an saya mata ɗan kunnen zinare ko keken ɗinki ko tunkiya biyu, da shi ne ya yi kama da abin da kakarta ta yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, jeren ya daina zama na mai ɗakin, ya koma na 'yan kallo. Don wa ake yi? Don 'yan ganin ɗaki, waɗanda za su shigo da sunan sa albarka alhali ido na ƙirga. Don dangin miji, don facaloli, don kishiya in akwai. Kowa ta san gorin nan, "me aka kawo ki da shi?" Na san yarinya mai hankali da tarbiyya da ta shekara tana kuka a gidan miji, ba don ta yi wa kowa laifi ba, sai don kicin ɗinta bai kai na matar wan mijinta ba. Tsoron wannan gori shi ke sa uwa ta shiga adashi uku a lokaci guda, uba ya sayar da gona ko ya ci bashin da zai kai shi shekaru yana ɓuya in an yi sallama. Shi ke sa a ɗaga biki sau biyu sau uku, saurayi ya gaji ya tafi, yarinya ta zauna. Ba ƙaramin dalili ba ne ya sa da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisbah a 2012, da ma'aurata 100, ba sadaki kaɗai ta ɗauka ba, har da gado da katifa da sauran kayan ɗaki. A 2023 ma'aurata 1,800 aka ɗaura wa aure a irin wannan shiri. Ki duba fa, mutanen nan suna son juna, abin da ya tsaya a tsakaninsu har sai da hukuma ta shiga, da yawansu kaya ne.

Wannan nauyi kuma ba yau ya fara sauka a kan 'ya'ya mata ba, kada mu wanke zamanin da tas. Wata Ba'amurkiya mai suna Enid Schildkrout ta zauna a cikin birnin Kano a shekarun 1970 tana nazarin tallar yara, abin da ta gano kuwa kowace uwa ta riga ta sani: kaso mai yawa na ribar tallar 'yan mata wajen tara kayan ɗaki yake tafiya. Har gobe in kika tambayi uwa me ya sa 'yarta take yawo da farantin awara a tasha lokacin da sa'o'inta suke aji, amsar ɗaya ce, "To wa zai yi mata kayan ɗaki?" Ba na zagin uwar, don na san abin da take tsoro. Amma a auna mana: shekara shida ta karatu a hannu ɗaya, kabet cike da kwanukan da ba za a ci tuwo a ciki ba a ɗaya hannun. Ga kuma abin da yarinya kan haɗu da shi a bakin tasha, wanda ba sai na faɗa ba.

Littattafanmu na soyayya da finafinai su ma sun ƙara wa wutar fetur. Shafi uku za a cinye ana zayyana ɗakin amarya, labule kalar kaza, kujeru daga Dubai, kicin kamar kanti, ba a taɓa gaya mana wa ya biya ba. Yanzu kuma ga TikTok da Instagram, ana ɗaukar jere a waya tun kafin amarya ta gan shi da idonta. Da can da matan unguwarku kike gasa. Yau 'yar mai gadi da 'yar minista a waya ɗaya suke kallon juna.

Sai kuma zaman yau da gobe da kayan. Ɗaki ciki da falo na haya, an cika shi har ba wurin shimfiɗa sallaya sai an ja kujera. Hunturu ya zo ƙura ta bi kowane murfi, a kwashe yini ana saukewa ana gogewa ana mayarwa. Kyankyaso da ɓera kuwa ba su da masaukin da ya fi bayan kwanukan da ba a motsawa. In an tashi daga gida, a yi ta fargabar abin da zai fashe a hanya. Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da nake gani a gidaje da yawa: maigida da yara suna cin abinci a kwanon da ya ɓantale, suna shan ruwa a kofin roba mai tsage, ga farantai masu kyau suna kallonsu ta cikin gilashi, ana jiran baƙo. Wane baƙo ne ya fi mutanen gidan? Na taɓa ganin an yi wa yaro ɗan shekara biyar dukan da sai da maƙwabta suka shigo, a kan kofin tangaran ɗaya da ya shekara bakwai ba a sha shayi da shi ba. Uwar tana dukan tana kuka, wai set ɗin ya lalace.

Akwai kuma wata tarawar ta bayan ƙofa wadda ba ma nuna wa 'yan ganin ɗaki: gwangwanayen Bournvita da Nido, robobin man shafawa, kwalaben turare, ledoji a cikin leda a cikin wata ledar. Wannan kam ina da sassauci a kanta, don tattali ne. Gwangwanin madara ya zama na daddawa, kwalba ta zama ta man shanu, robar lemo a ƙulla zoɓo a sayar. Amma in kin ga shekara ta zagayo ba ki buɗe buhun ba, to 'yar uwa ba tattali kike ba, bola kike wa gadi. Waɗanda aka watsar a bayan ɗaki kuma da damina ruwa ke kwanciya a ciki, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Sannan don Allah, robar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na feshin gona ko man inji, ko sau nawa aka wanke ta kada a sa mata abin ci ko ruwan sha.

Wani abin mamaki, muna ta jibgo sabo, tsohon da ya cancanci a tara shi kuwa muna zubarwa. In tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, jikoki 'yan boko ba mai son kwalla, wai ta tsufa, ba ta shiga da kalar ɗaki. Sai a kira 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Tasar Bida da maƙeri ya yi kwanaki yana buga mata zane, a kilo ake sayenta kamar tsohon bakin gatari, a kai a narkar. Irin waɗannan tasoshi da ƙore masu zane suna nan a gidajen tarihi na Turai da Amurka a cikin gilashi, da 'yar takarda a gefe an rubuta inda aka samo su. Langa mai tsohon zane kuwa ba a kuma buga irinta, in ta tafi ta tafi.

Saboda haka in akwai sauran irinsu a gidanku, ki roƙi ko guda biyu ne tun mai su tana da rai, ki zauna ta gaya miki wace ce akuya, wace ce ƙuli-ƙuli. Tasar da ta yi baƙi ba lalacewa ta yi ba. Ki jiƙa tsamiya ko ki matse lemon tsami, ki haɗa da toka mai laushi ki goge ta da tsumma, ki ɗauraye, ki shanya ta bushe sarai kafin ki ajiye, za ki ga ta dawo tana ɗaukar ido. Sai dai kada ki bar abu mai tsami ya kwana a cikinta, kamar nono ko kunun tsamiya, domin tsami yana cin tagulla ya fito da wani kore-kore mai cutarwa. Dabino ko goro ko alewar yara ya ishe ta aiki. Langa kuma ba a kankare ta da soson ƙarfe, ruwan ɗumi da sabulu kawai take so, in za ki jera ki sa ɗan ƙyalle tsakanin kowace da 'yar uwarta don kada bakinsu ya ɓantale.